Shari'ar iyayen Maryland: wai wa ke da yaro idan ya shiga aji?

Ƙanen babana ne ya turo saƙon a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, da manyan baƙaƙe da hoton wuta har uku, wai Musulmi sun kayar da gwamnatin Amurka a kotu an haramta koyar da auren jinsi a makarantu. Nan da nan aka hau kabbara. Ni dai na ce Baffa Allah ya ƙara nasara, na ja bakina na yi shiru, don ba a gyara wa babba magana a gaban yara. Amma fa labarin ba haka yake ba. Shari'ar an yi ta, nasarar ma an samu, sai dai ba gwamnatin Amurka aka kai ƙara ba, kuma babu littafi ko ɗaya da kotu ta haramta. Abin da aka yanke ya fi haka ƙanƙanta a ido, ni kuwa a ganina ƙanƙantar tasa ita ce amfaninsa, shi ya sa na ce bari in zauna in warware zancen.

A jihar Maryland akwai wata gunduma da ake kira Montgomery, tana manne da birnin Washington. Makarantun gwamnati na gundumar suna da ɗalibai wajen 160,000, su suka fi kowa yawa a jihar, kuma wuri ne na baƙi, ga 'yan Habasha ga Larabawa ga 'yan Pakistan ga mutanen Afirka ta Yamma, kowa da addininsa. A 2022 hukumar ilimi ta gundumar ta shigo da wasu littattafan labarai masu hotuna cikin darasin Turanci, tun daga 'yan nazire har firamare. Wani labarin kawun wata yarinya ne zai auri namiji ɗan'uwansa, wani ɗan sarki ne da ya ƙi duk 'yan matan da aka nuna masa ya zaɓi wani jarumi, wani kuma yaro ne da aka haifa mace ya ce shi namiji ne kuma gidansu suka karɓa. Da farko babu wata rigima sosai, saboda makaranta tana sanar da iyaye ranar da za a karanta, wanda bai so sai ya nemi a fitar da ɗansa a ba shi wani aikin. A haka aka tafi har watan Maris na 2023, sai kwatsam hukumar ta ce daga yanzu ba sanarwa, ba fitar da yaro. To daga nan ne wuta ta tashi.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi nan. Dokar Maryland ɗin kanta ta ba iyaye damar cire yaro daga darasin da ya shafi zaman iyali da jima'i, wanda ake yi a cikin darasin kiwon lafiya. Wato ɗan sakandare mai shekara 15 ubansa zai iya cewa kar ya zauna a wannan darasin, amma ɗan shekara 5 ba za a iya fitar da shi ba, don nasa an saka shi a darasin Turanci, an ce ai koyon karatu ne ba ilimin jima'i ba. Iyaye suka ce wannan ai wayo ne, an ɗauko kayan an sauya musu kwando kawai.

Kuma ba littattafan kaɗai ba, takardar jagora da aka raba wa malamai ita ta fi ɓata wa mutane rai da ta fito fili. A ciki an tsara wa malama abin da za ta ce idan yaro ya yi tambaya. Idan ya ce wanda aka haifa mace ba zai zama namiji ba, a nuna masa cewa wannan magana tana ɓata wa wasu rai, a kuma bayyana masa wai lokacin haihuwa hasashe kawai ake yi na jinsin jariri, wani lokaci a dace wani lokaci a kuskure. Idan ya ce addininmu ya hana, a ce masa mun gane haka ka yi imani amma ba kowa ya yi imani da haka ba. Hatta wasu hedimastocin firamare na gundumar sai da suka rubuta ƙorafi cewa wasu littattafan sun fi ƙarfin shekarun yaran.

Duk wanda ya taɓa renon ɗan firamare ya san dalilin da ya sa shekarun ke da muhimmanci. 'Yata tana aji ɗaya na zauna ina taya ta aikin gida, na rubuta lamba 7 da ɗan layi a tsakiya yadda aka koya mana, yarinyar nan ta fashe da kuka ta ɗauko abin gogewa tana cewa ba haka Anti take yi ba. Na ce Mamana duk ɗaya ne, ta ce a'a Abba kai ba ka iya ba. Ni da digirina. Sai da na goge na rubuta irin na Anti sannan aka zauna lafiya a gidan. A wannan shekarun maganar malama wahayi ce, yaro bai san wani abu wai ra'ayi ba, abin da aka faɗa a aji shi ne gaskiya, shi kenan. Ɗan jami'a zai iya jin abu ya auna ya watsar, ɗan shekara biyar kuwa haɗiyewa yake yi.

Sai dai in za a yi adalci ita ma hukumar tana da nata hujjojin, kuma ba duka ne na banza ba. Ta ce masu neman a fitar da 'ya'yansu sun yi yawa har abin ya gagari tsari, a wasu makarantun yara da dama ba sa zuwa gaba ɗaya ranar, ga malama ɗaya ga yara biyu-biyu uku-uku da za a nema wa wurin zama da mai kula da su. Sannan ta ce ku tuna a cikin ajin nan akwai yaron da a gidansu mata biyu ne ke riƙe da shi a matsayin iyaye, tunda auren jinsi halal ne a dokar ƙasar tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2015, to ya zai ji idan duk ranar da aka ɗauko labarin da ya yi kama da gidansu sai ya ga abokansa sun tashi sun fice? Ko ba ka yarda da tsarin gidan ba, yaron dai ba shi ya zaɓa ba. Wannan tambayar ban raina ta ba.

Da bazarar 2023 ɗaruruwan iyaye suka riƙa taruwa a ƙofar ofishin hukumar a garin Rockville, mata da hijabi, ga 'yan cocin Orthodox na Habasha da fararen mayafansu, abin da ba a saba gani ba. Nan siyasa ta shigo. Yawancin Musulmin Amurka sun daɗe suna tare da jam'iyyar Democrat, gundumar kuma ta 'yan Democrat ce, sai ga shi wata 'yar majalisar gundumar, Kristin Mink, ta ce wannan batu ya sa wasu iyalan Musulmi sun tsaya layi ɗaya da masu aƙidar fifita farar fata. Daga baya ta ba da haƙuri amma magana zarar bunu ce. Su kuma 'yan Republican suka buɗe hannu suka ce ku taho. Iyaye suka shigar da ƙara a watan Mayu na 2023, akwai Musulmi akwai 'yan Katolika akwai Orthodox, lauyoyin wata cibiya mai suna Becket suka tsaya musu, kuma sunan iyalin Musulmin ne ya zo farko shi ya sa ake kiran shari'ar Mahmoud da Taylor, shi Taylor ɗin shugaban makarantun gundumar ne.

Kotun farko ta ƙi ba su abin da suka nema a watan Agusta na 2023, kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙi a Mayun 2024, alƙalai biyu da ɗaya. Ba wai son kai alƙalan suka yi ba, tsohuwar fahimta suka bi. Tun 1987 a wata shari'a daga jihar Tennessee, inda wasu iyaye Kiristoci suka ƙi littattafan koyon karatu, kotu ta ce jin abu daban tilasta maka yarda da shi daban, muddin ba a ce yaro ya furta ya yi imani ba ko ya aikata abin da addininsa ya hana to ba a taɓa 'yancin addininsa ba. Kotuna da yawa a kan wannan suka zauna shekara da shekaru. Ma'anarsa a taƙaice: kana da 'yancin zaɓar makaranta, amma in ka kawo shi ta gwamnati to 'yancinka ya tsaya a bakin get.

Shi wannan 'yancin zaɓen ma da faɗa aka same shi. A 1922 jihar Oregon ta yi doka cewa dole kowane yaro ya shiga makarantar gwamnati, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu aƙidar fifita farar fata, na cikin masu goyon baya don a kashe makarantun Katolika, sai Kotun Ƙoli ta rushe dokar a 1925 ta ce yaro ba kayan gwamnati ba ne. A 1943 ta ce ba za a tilasta wa 'ya'yan Shaidun Jehobah sara wa tuta ba. Sai babbar cikinsu, ta 1972, ta mutanen Amish a jihar Wisconsin, waɗannan Kiristocin manoma da har yau keken doki suke hawa. Doka ta ce yaro ya yi makaranta har shekara 16, su kuma suka ce daga aji takwas sun cire nasu don sakandare za ta raba su da hanyar iyayensu, kotu ta ba su gaskiya. Shekaru 50 ana ɗaukar wannan hukunci kamar na Amish ne su kaɗai saboda rayuwarsu daban ce.

Abin da Kotun Ƙoli ta yi ranar 27 ga Yuni 2025 shi ne ta ɗauko wancan hukunci na Amish ta kakkaɓe masa ƙura ta ce na kowa ne. Alƙalai shida da uku. Alƙali Samuel Alito da ya rubuta hukuncin ya ce littattafan nan ba labari kawai suke bayarwa ba, an tsara su ne su nuna wa ƙaramin yaro cewa wannan abin murna ne kuma wanda ya ƙi shi ne mai laifi, kuma gwamnati ba za ta ce wa talaka ko dai ka haƙura da tarbiyyar addinin ɗanka ko ka je ka biya kuɗin makarantar kuɗi ba. Sai aka umarci hukumar ta koma sanar da iyaye, ta kuma bar su su fitar da 'ya'yansu, kafin a gama shari'ar gaba ɗaya. Iyakarsa kenan. Littattafan ba a ce a cire su ba, ɗan maƙwabcinka zai ci gaba da sauraro in uban ya yarda.

Sonia Sotomayor da ta rubuta ra'ayin ukun da suka saɓa ta ce wannan ƙofar da aka buɗe rikici za ta haifar. Yau auren jinsi ne, gobe wani zai ce addininsa bai yarda mace ta yi aiki a waje ba a fitar da ɗansa daga labarin likita mace, jibi wani ya ce darasin asalin halittu, to makaranta da ba ta da kuɗin lauya da ma'aikatan da za su bi kowane fom me za ta yi? Sai kawai ta cire duk abin da zai jawo magana, ka ga a ƙarshe 'yan tsiraru sun yanke wa kowa abin da zai karanta ba tare da an yi zaɓe ba. Tsoron nata yana da tushe. Amma ni inda na rabu da ita, gundumar nan da kanta ta yi wata da watanni tana ba da wannan dama, wasu gundumomin ma suna bayarwa, kuma wahalar cike fom ba ta kai nauyin a ce uba bai ma da haƙƙin sanin abin da aka karanta wa ɗansa yau ba. Hana sanarwar nan shi ne ya fi tsaya min a rai.

Yanzu ga inda nake so Baffa da masu kabbara su ɗan tsaya. Kalmar haƙƙin iyaye a Amurka abu biyu ake nufi da ita, kuma ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Akwai wanda ke cewa ku bar ni in cire ɗana, akwai kuma wanda ke cewa a cire abin daga gaban 'ya'yan kowa. Na biyun shi ne salon Florida. A Maris 2022 gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta hana koyar da batun jinsi daga nazire zuwa aji uku, a 2023 aka faɗaɗa ta, aka kuma ce duk mazaunin gunduma da ya yi ƙorafin cewa littafi yana ɗauke da batun jima'i a ɗauke littafin daga kanta kafin a gama bincike, ko da ba shi da ɗa a makarantar. Abin ya yi yawa, mutum ɗaya sai ya shigar da ƙorafi bila adadin, har a 2024 jihar da kanta ta dawo ta ce wanda ba shi da ɗa a makarantun gundumar ƙorafi ɗaya zai yi a wata. Da yawanmu za mu ce ai wannan ya fi, a cire kawai kowa ya huta. To amma fa wuƙar da aka ba mai rinjaye ba ta tambayar wuyan wa za ta hau.

Misali na nan a Maryland ɗin dai, a gundumar Charles. Wani uba, tsohon soja, ya tayar da ƙura don an koya wa 'yarsa 'yar sakandare darasi kan Musulunci a tarihin duniya, har aka ba su aikin cike gurbi a kalmar shahada. Suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙarar nan guda da ta ƙi iyayen Montgomery ita ta ce a 2019 makaranta ba ta yi laifi ba, tarihi ake koyarwa ba wa'azi ba. Lokacin Musulmi murna suka yi da aka bar makaranta ta yi aikinta. A Disamba 2015 kuwa a gundumar Augusta ta jihar Virginia sai da aka rufe makarantu gaba ɗaya na yini guda saboda fushin da aka yi kan wata malama da ta ba yara kwafar rubutun Larabci na shahada don su ga ƙayatarwar rubutun. Su ma waɗannan da tutar haƙƙin iyaye suka fito. Sannan ga jihar Louisiana a 2024 da Texas a 2025 sun yi dokar a liƙa Dokoki Goma na Baibul a bangon kowane aji na makarantar gwamnati, duk da Kotun Ƙoli ta taɓa rushe irin wannan a Kentucky a 1980. Iyaye sun kai ƙara, cikinsu har da Kiristoci da Yahudawa. Darasi dai ana iya fitar da yaro na minti 30, to bango fa, ina za ka kai shi?

A Ingila wata hanyar suka bi. Bayan zanga-zangar iyaye, galibi Musulmi, a ƙofar makarantun firamare biyu a Birmingham a 2019, wadda ta kai har kotu ta hana taruwa kusa da ɗaya daga cikinsu, tsarin da ya fara aiki a 2020 ya raba abin gida biyu, darasin zamantakewa dole ne ba a cire yaro, darasin jima'i kuwa uba zai iya cirewa. Rigimar sai ta koma kan wane abu ne ya faɗa wane gida, irin ta Maryland sak.

Jami'a kuma ai wani zance ne daban duk da ana cusa su a buhu ɗaya. A can babu maganar iyaye, dokar tarayya ta 1974 ma cewa ta yi da zarar yaro ya kai 18 ko ya shiga jami'a to bayanan karatunsa nasa ne, uban da ke biyan kuɗin makaranta ba lallai a nuna masa sakamako ba. Faɗan can tsakanin gwamnati ne da malamai. Masu ra'ayin riƙau sun daɗe suna kukan cewa jami'o'i sun zama gidan ra'ayi ɗaya, har wasu sukan sa mai neman aikin lakcara ya rubuta takardar nuna goyon bayansa ga manufofin daidaito tsakanin jinsi da launin fata, kuma kukan nan ba ƙarya ba ne gaba ɗaya tunda babbar jami'ar nan ta MIT da kanta ta daina neman takardar a 2024. Amma maganin da aka kawo ya zo da nasa ciwon. A Janairu 2023 DeSantis ya naɗa sababbin mutane shida a hukumar gudanarwar wata ƙaramar jami'ar jihar Florida, New College, suka sallami shugabarta suka rufe sashen nazarin jinsi. Mutanenmu da yawa ba su damu ba. Sai ga 2025 gwamnatin Trump ta riƙe wa jami'ar Columbia dala miliyan 400, ta riƙe wa Harvard sama da dala biliyan 2, bayan zanga-zangar Gaza da zargin ƙyamar Yahudawa, kuma cikin abin da Columbia ta amince da shi har da sa wani babban jami'i ya sa ido a kan sashen nazarin Gabas ta Tsakiya da Kudancin Asiya da Afirka. Irin hannun da ya rufe wancan sashen shi ne dai ya miƙo kan wannan.

Mu a Najeriya, abin mamaki, abin da iyayen Maryland suka yi shekara biyu suna nema wani ɓangarensa yana rubuce a kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 38, cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko shiga ibadar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Amma a aikace mu salon Florida muka fi so, kamar yadda ministan ilimi Adamu Adamu ya ba da umarni a Nuwamba 2022 a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, magana ɗaya daga sama kowa ya bi. Yana mana daɗi inda muke da rinjaye. Inda ba mu da shi kuwa, 'yan matan Legas sai da suka kai har Kotun Ƙoli kafin a tabbatar musu a Yuni 2022 cewa za su iya sa hijabi a makarantar gwamnati, kuma hujjar da suka ci da ita ba ta masu rinjaye ba ce, ta mutum ɗaya ce da ke cewa ku bar ni da nawa. Wannan sashen na 38 da ya kare su shi ne kuma yake kare yaron Kirista da ke zaune a bencin baya a firamaren gwamnati a Katsina ko Gusau lokacin da malamin addini ya shigo aji.

Na dai tura wa Baffa bayanin nan ta gefe, ba a guruf ba. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bayan kamar awa ɗaya ya turo murya ya ce to ɗana na ji, amma dai an ci su ko ba a ci su ba? Na ce an ci su Baffa.